Sani, Ka Fitar Da Duwatsun Nan Daga Gidanka

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka. Mu nan Mafara lafiya lau, sai godiyar Allah. Ƙafar Innarka ta yi sauƙi, har ta koma zuwa islamiyya. Geron gonar bakin rafi ya yi kyau, dawar ce dai ruwa ya ɗauke mata da wuri. Saƙon da ka aiko ta hannun Lawali ya iso, Allah Ya yi albarka, Ya ƙara buɗi.

Na zaɓi takarda ne saboda na san halinka a waya. Da na ɗauko magana mai nauyi sai ka ce sabis ya ɗauke, ko ka ce za ka kira anjima, anjimar da ba ta zuwa. Saboda haka ka sami wuri ka zauna, ka karanta har ƙarshe.

Lawali bai kawo ƙararka ba, kada ka je ka tsare shi. Hira ce ta kawo hira. Innarka ta tambaye shi Ummi, ya ce tana nan da wayonta, har ta iya hawa buhunan dutsen da ke jingine a bayan ɗakinku tana dirowa. Na ce wane dutse? Ya ce ai tun da aka yi muku sata a bakin rami ka daina barin kaya a daji, gida kake kawowa, kuma wani lokaci Hauwa'u tana taya ka daka da tankaɗe kafin a kai inji. Ban iya ƙarasa tuwon da ke gabana ba.

Ranar da ka ce za ka bar koyarwa ka tafi haƙar zinare, ka san abin da na faɗa, ka san kuma abin da na haɗiye. Ban sake tayar da maganar ba, yanzu ma ba ita zan tayar ba. Kai ne mai iyali, kai ka san kuɗin buhun masara, kuma abin da makarantar kuɗin nan take ba ka ko haya bai isa ba. Ramin kansa, da rushewarsa, da hayaƙin injin jan ruwa da ke shaƙe mutane a ƙasa, da ɓarayin daji, duk na bar wa Allah, domin kai babba ne, da idonka a buɗe ka shiga. Ummi fa? Shekararta biyu da rabi. Wa ya yi shawara da ita?

Bari in mayar da kai aji, tunda ka manta, ko ka ga dama ka manta. Duwatsun da ke ƙarƙashin ƙasarmu, daga Anka da Maru har Zuru da Birnin Gwari da jihar Neja inda kake, tsofaffi ne ƙwarai. Masana ilimin ƙasa sun ce wajen shekara miliyan 600 da suka wuce manyan ɓangarorin ƙasa suka haɗu suka matse juna a wannan yanki, duwatsu suka lanƙwashe suka tsattsage. Ruwa mai tsananin zafi ya riƙa tasowa daga can ƙasa yana bin tsagogin, ɗauke da abin da ya narkar a hanya. Da ya huce sai ya sauke kayansa a nan. Jijiyar farin dutsen nan da kuke bi, kuna murna in kun cim mata, ita ce abin da ruwan ya bari. To ruwan nan bai yi zaɓe ba. Yadda ya ɗauko zinare, haka ya ɗauko dalma a wasu wuraren, ya zube su wuri ɗaya. Wadda take can ƙasa sosai a haɗe take da farar wuta, ita ce dutsen nan mai nauyi mai ƙyallin toka da ake dakawa a yi kwalli. Wadda take kusa da sama kuwa, ruwan sama da iska sun daɗe suna cinta, sun juya ta ta koma wani abu mai gari-gari wanda ido ba ya raba shi da ƙasa. Wannan ta biyun ta fi mugunta, domin ruwan tsamin da ke cikin tumbin mutum yana narkar da ita cikin sauƙi. Masu binciken da suka auna dutsen Zamfara irinta suka samu da yawa.

Yi lissafi da kanka, ai ka iya. A manyan ma'adinan duniya, dutsen da ke ba da giram 5 zuwa 10 na zinare a tan guda ana ce masa mai arziki. Tan guda buhu 20 ne masu kilo 50. A Zamfara an auna ƙasar wasu wuraren niƙa aka sami dalma ta haura kashi 100,000 cikin miliyan, wato kashi ɗaya cikin goma, alhali a Amurka a lokacin in ƙasar da yara ke wasa a kai ta wuce kashi 400 cikin miliyan an shiga haɗari ke nan. In irin wancan ne a buhunka, kilo 5 na cikinsa dalma ce, zinaren kuwa ɗan abin da za ka ƙulle a gefen leda. Zinaren kake kaiwa kasuwa. Sauran fa, a ina yake kwana?

A 2010 kana makarantar kwana a Gusau, labarin kawai ka ji. Ni ina koyarwa a ƙasar Anka. Farashin zinare ya tashi a duniya, oza guda, wato wajen giram 31, ta haura dala 1,200 a shekarar, mutanen da suka gaji noma kaka da kakanni suka wayi gari dutsen bayan garinsu ya zama kuɗi. Injinan niƙan hatsi aka mayar na niƙan dutse. A tsakar gida ake daka, a tsakar gida ake shanya, mata na tankaɗe da goyo a baya. Agwagi ne suka fara. Mutane sun lura suna ƙarewa, amma ba wanda ya kawo komai a ransa, wa zai yi zaman makokin agwagwa? Sai yara suka biyo baya. Amai, ciwon ciki, yaro ya daina wasa, ya ƙi abinci, sai jijjiga, sai ya sandare. Aka ce sanƙarau ne, ga shi kuwa lokacin zafi. Aka ce zazzaɓin cizon sauro ne ya hau kai. Aka ce iska. An yi na asibiti an yi na gida, ba abin da ya tsaya. Likitocin ƙungiyar agaji ta ƙasa da ƙasa mai suna MSF da suka shigo yankin a watan Maris suna bin sawun sanƙarau, su ne suka ga abin ya wuce hankali, suka ɗebi jini suka aika ƙasar waje. Amsa ta dawo, dalma ce.

Ƙwararrun da suka zo daga baya sun bi gida gida a ƙauyuka biyu. Cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu cikin shekara guda. Ɗaya cikin huɗu, Sani. Cikin waɗanda suka rage aka gwada 204, babu ko ɗaya da gubar ba ta kama ba, kuma 198 sun kai ko sun wuce 45 a ma'aunin dalmar da ke cikin jini, wato maikirogiram 45 a desilita, inda likita yake cewa a fara magani ba jira. Yau hukumar lafiya ta duniya cewa take da yaro ya kai 5 a tashi a nemo inda yake samunta, kuma babu wani adadi, komai ƙanƙantarsa, da za a ce ba ya cutarwa. 'Yar na'urar gwajin da aka zo da ita iyakarta 65 ce, yara da yawa sai ta nuna sun wuce inda take iya karantawa. A faɗin yankin, aƙalla yara 400 suka tafi. Dareta, 'Yargalma, Abare, Sunke, Duza, Tungar Daji, Tungar Guru, Bagega. Wasu garuruwan ka bi ta cikinsu a bayan kekena kana ƙarami.

Na je ta'aziyya ɗaya daga cikinsu, gidan wani da na koyar tun yana firamare. 'Ya'ya biyu ya binne a jere. Muna zaune a zaure aka kawo fura. Na dafa tabarma zan gyara zama, da na ɗaga hannu sai na ga tafina ya yi fari da wata ƙura mai laushin gaske. Daga inda nake ina hango tsakar gida. Turmi biyu ne a jere, ɗaya na gero ɗaya na dutse, taɓarya guda a jingine tsakaninsu. Wata yarinya da ba ta wuce Ummi ba tana zaune a ƙasa da gutsuren rogo a hannu, ya faɗi ta ɗauka ta kai baki, ya sake faɗi ta sake ɗauka. Mai gidan yana ta nanata mini, Malam, wallahi ko sau ɗaya ba su taɓa zuwa bakin rami ba. Kuma gaskiya ya faɗa, ba su taɓa zuwa ba.

Ka karanta ilimin halittu, har kiredit ka samu, ka san kuma ragon da aka sayar aka biya kuɗin jarrabawar. Jikin ɗan Adam yana buƙatar sinadarin ƙarfe don jini, yana buƙatar kalsiyam don ƙashi da haƙori da saƙon da jijiyoyi ke aika wa juna. Dalma kuwa ba ta da aikin komai a jiki, ko da ƙwayar zarra. Matsalar ita ce jiki ba ya iya bambanta ta da kalsiyam. Hanji ya tsotse ta ta hanyar da yake tsotsar kalsiyam da ƙarfe, jini ya ɗauke ta ya zaga da ita ko'ina. Ta hana a haɗa jan sinadarin da ke ɗaukar iskar oksijin, yaro ya ɗashe, a ce ba shi da jini. Ta taɓa ƙoda. Ta shiga ƙwaƙwalwa, wadda a shekarun Ummi ake kan gininta. In ta yi yawa ƙwaƙwalwar ta kumbura, jijjigar ke nan. In kaɗan ce ba a ganin komai, kuma wannan kaɗan ɗin ce ta fi hana ni barci. Yaro yana ci yana wasa, kowa yana cewa lafiyarsa ƙalau. Sai an sa shi makaranta a ga karatu ba ya zama, an biya masa yau gobe babu, ba ya iya natsuwa wuri ɗaya, a yi ta zane shi ana ce masa daƙiƙi. Ba wanda zai tuna da buhunan da aka jingine a bayan ɗaki shekara biyar baya. Yarinyar nan da take kwaikwayon kiran salla tun ba ta iya tafiya sosai ba, ita nake hangowa a bayan aji tana kallon allo ba ta gane komai, sai in ji zuciyata ta tsinke.

Za ka ce ai kai ma cikin ƙurar kake wuni, ba abin da ya same ka. Jikinka da nata ba ɗaya ba ne. Ku haɗiyi abu daidai wa daida, jikinta zai tsotsi ninki huɗu zuwa biyar na abin da naka zai tsotsa. Ga shi ita a ƙasa take wuni, hannu ƙasa hannu baki. In da yunwa a cikinta, ko da ma jininta bai cika ba, tsotsar ta fi haka. Kai ɗin ma ba tsira ka yi ba, ajiya kake yi. Wadda ke cikin jini takan ɗauki wajen wata guda kafin rabinta ya ragu, amma wadda ta shige ƙashi sai ta yi shekaru gommai a kwance. Hawan jini da ciwon ƙoda ba sa sallama kafin su zo.

Akwai maganar da Innarka ce ya kamata ta yi maka ita, amma ita da an tayar sai kuka. Ta gaya mini halin da Hauwa'u take ciki, Allah Ya raba lafiya. Mace in tana wannan hali, jikinta yana kwaso kalsiyam daga ƙashinta ya ba abin da ke ciki don ya gina nasa. Dalmar da ta kwanta a ƙashin tana tasowa tare da shi, mabiyiya kuma ba ta tare ta. Daga nan ɓari yake zuwa, da bakwaini, da jaririn da aka haifa da gubar tun bai sha iskar duniya ba.

Kuma ita ka miƙa wa rariya, Sani! Yarinyar da ubanta ya ba ni ita hannu da hannu a zauren nan, ya ce Malam, don kai na bayar. Da wane ido zan dube shi? Mutanen Dareta suna da uzuri, ba su sani ba, ba wanda ya taɓa gaya musu. Kai fa? Kai da ka tashi a gidan da jadawalin sinadarai yake manne a bangon zaure har takardar ta yi ja, kai da kake karanto shi da ka kana ɗan shekara goma, baƙi suna tafa maka. Lamba 79 zinare, lamba 80 zaiba, lamba 82 dalma. Ka riƙe ta farkon ka watsar da sauran. Ba jahilci ne ya kama ka ba, ganganci ne da son kuɗi, kuma ba zan sa masa wani suna don in faranta maka ba.

Abin da kake faɗa a bayan idona ya dawo kunnena. Wai Baba ya ƙare ƙuruciyarsa da alli, ya tashi da tsohon keke da fanshon da sai an ga dama. Ban musa ba. Ban gina bene ba, gonar Tudu ma ka san yadda aka yi ta bar hannunmu, kuma har gobe ina nan a kan bakana cewa daidai na yi da na ƙi shiga abin da Kawunka Bala ya shiga. Kun sha koko ba suga, kun sa ɗinkin salla ɗaya shekara biyu. Amma ku bakwai ɗin nan, ba da wayona ba, Allah ne Ya raya ku, ban taɓa shigo muku da abin da na san zai cuce ku don in sami kuɗi ba. Wannan kaɗai nake da shi, kuma ba na jin kunyarsa.

Kada kuma ka kawo mini maganar ajali. Ajali gaskiya ne, na riga ka saninsa, na binne iyaye na binne 'yan'uwa. Amma ban taɓa ganin ka ajiye kwalbar fiya-fiya a buɗe kusa da Ummi ka ce in kwananta bai ƙare ba ba abin da zai same ta.

Na san Hauwa'u mai tsabta ce, Lawali ya ce gidan nan ko yaushe a share yake. A nan mutane suke ruɗewa. Mun saba da ƙwayar cuta, mai rai, wadda in an tafasa ruwa ta mutu, in an shanya a rana ta mutu, in an sa sabulu ta mutu. Dalma ba rai gare ta ba balle a kashe ta. Tana cikin sinadaran asali, waɗanda wuta ko ruwa ko daɗewa ba sa mayar da su wani abu. Zafin digiri 327 yana narkar da ita, in ta huce dalma ce dai. Ka tafasa ruwan da take ciki, ruwan ne zai tafi ya bar ta ta ƙara yawa a abin da ya rage. Ba ta ruɓewa. Wadda ta zuba a tsakar gida bana, in ba a kwashe ta ba, waɗanda za su kama hayar gidan bayanku su ma za su same ta, da 'ya'yansu. Shara da busasshiyar tsintsiya kuwa tayar da ita kawai take yi, ta sauka a kan tuwo da randa da shimfiɗa. Duniya ta sha wahala kafin ta yarda da wannan. Shekara da shekaru ana zuba dalma a man fetur, sai a 2021 aka daina a ƙasa ta ƙarshe, Aljeriya.

Ka tuna gwajin da nake yi muku da kanwa? Kofi biyu na ruwa, ɗaya a jefa dunƙule, ɗaya a zuba dakakkiya. Kafin a gama share allo dakakkiyar ta narke, dunƙulen kuwa har a buga ƙararrawa yana nan. Dutse ma haka yake. Shekara miliyoyi yana kwance a ƙasa bai cuci kowa ba. Kowane bugun taɓarya yana ƙara masa fuskar da ruwan ciki zai kama, har ya koma garin da iska ke ɗauka.

Shi ya sa aikin da aka yi a Zamfara bai tsaya ga magani ba. Sai da aka bi gida gida da fartanya da shebur aka kankare saman ƙasar tsakar gida, aka kwashe aka kai ramin da aka tanada aka binne, aka kawo sabuwar ƙasa aka shimfiɗa. Bagega ta jira har 2013 kafin kuɗin aikin su fito, kuma duk tsawon jiran likitoci ba su iya fara ba yaran garin magani ba, domin ba amfani a wanke jinin yaro a mayar da shi cikin ƙurar da ta cuce shi. Maganin wata ƙwaya ce da ke kama dalmar cikin jini ta fitar da ita ta fitsari. Tana ceton rai, amma abin da ya riga ya lalace a ƙwaƙwalwa ba ta dawo da shi. Cikin waɗanda suka rayu akwai waɗanda suka makance, akwai waɗanda har yau sai an ɗauka an ajiye.

Za ka ce dutsenku ba irin na Anka ba ne. Mai yiwuwa, ba kowace jijiya ce take da dalma ba. Amma wa ya auna muku? Ido? A 2015, a jihar da kake ɗin nan, yankin Shikira na ƙaramar hukumar Rafi, yara 28 suka rasu da wannan guba, bayan an shafe shekara biyar ana maganar Zamfara a rediyo. Ko da babu dalma, ƙurar farin dutsen ita kaɗai tana daskarar da huhu, ta share wa tarin fuka hanya.

Zaiba ma ban manta da ita ba. Lawali ya ce ba a gida kake ƙona ta ba, Allah Ya sa haka ne. Na ga yadda ake yi: a murza ta cikin lakar a kasko ta haɗiye zinaren, a matse a tsumma, a ɗora ɗan curin kan garwashi, mai shi ya sunkuya yana kallo har ta tashi ta bar masa rabonsa. Ina ta tafi? Tururinta ba launi ba wari, huhu ya ɗauke mafi yawansa ya miƙa wa ƙwaƙwalwa, gaba kaɗan a ga rawar hannu da mantuwa da saurin fushi. Wadda ta bi rafi kuma ƙananan halittun cikin laka su juya ta zuwa wani nau'i mafi muni da ke taruwa a jikin kifi. Kifi irin wannan ne ya nakasa mutanen garin Minamata na Japan, inda aka gano cutar a 1956, har yarjejeniyar duniya ta 2013 kan zaiba sunan garin aka sa mata. Akwai 'yar tukunyar ƙarfe mai bututu da mai walda zai iya haɗa maka, tana kama tururin ya koma ruwa, zaibarka ta dawo hannunka ka rage saye. Wannan ko don aljihunka ka yi.

Tunda na ambaci kwalli ɗazu, mun yi da Innarka, ta ce iyayenmu da shi suka tashi. In an sauka lafiya kada a sa wa jaririn, ko wa ya kawo. Mai yawa daga cikinsa dutsen dalma ne dakakke, yaro ya murza ido ya kai hannu baki. Wannan rigimar ni zan yi ta a nan, kai dai kada ka ba ni kunya.

Ga abin da nake so, kuma ba shawara ba ce, rabon da in ba ka umarni tun kafin aurenka. Buhunan nan su bar gidan a ranar da takardar nan ta same ka. Ku haɗa kai da abokan aikinka ku kafa rumfa nesa da gari ku ɗauki mai gadi, kuɗinsa ba zai kai na kwanciya asibiti ba. Turmin da taɓaryar da rariyar da suka taɓa dutse sun gama da abinci har abada, buhunan ma kada a zuba musu hatsi. Inda aka jingine su da inda aka yi daka, ka yayyafa ruwa ka kankare saman ƙasar da kanka, ka kai nesa da rijiya ka binne, Hauwa'u da Ummi ba sa gidan. Ɗakuna a goge su da jiƙaƙƙen tsumma. Kayan aikinka da takalmanka su riƙa kwana a wurin aiki, ka yi wanka can kafin ka taho, kuma duk yadda Ummi ta rugo da gudu kada ka ɗauke ta da ƙurar rami a jikinka. A wurin niƙa ku riƙa jiƙa dutsen, ƙurar tana raguwa sosai. Sannan gwajin jini, ku ukun. Ka buɗe baki ka gaya wa likita aikin da kake yi, ka ce gwajin dalma kake so, don in ba ka faɗa ba maganin zazzaɓi za a rubuta muku. Ba kowane asibiti ne yake yi ba, ka tambaya a babban asibiti su nuna maka inda ake yi. Wake da zogale da ƙwai da nono da lemo suna taimaka wa jiki ya rage tsotsa, amma kada wani ya ruɗe ka da cewa madara tana wanke gubar.

Na yi maka faɗa da yawa a takardar nan, kuma na san za ka yi kwana biyu kana fushi. Yi abinka. Ban manta ba kai ne ka ɗauke karatun Asabe ba tare da an roƙe ka ba, kai ne ka kwana a kan benci lokacin ciwon Innarka, sauran suna aiko da gaisuwa ta waya. Na san don su Ummi kake shiga ramin nan, ba don kanka ba. Cikin waɗanda kuke aiki tare da wuya a sami wanda ya kai ka karatu, in ka gyara naka gidan za su ji maganarka fiye da ta duk wani jami'i mai farar mota.

Hauwa'u da Ummi su taho nan su zauna har a sauka. Na yi magana da mahaifinta, ban gaya masa dalili ba, na ce Innarka ce take son ta kusa, ya kuma amince. An gyara ɗakin Asabe, an sa sabon gidan sauro. Lawali zai juyo ranar Laraba, na ce ya ajiye musu gidan gaba. Ka gaida maƙwabcinka mai shago da ya karɓe mu wancan zuwan. Ka ce wa amaryata angonta ya tanadar mata 'yar akuya, in ba ta zo da wuri ba zan ba kishiyarta. Innarka tana gaishe ku, ta ce kada a manto katin awo.

Wassalam.

Mahaifinka.